Da wane ma'auni za mu auna mai neman shugaban ƙasa?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in fito da ita kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Duk sanda zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato sai ka ga kowa ya koma ɗan kamfen, wannan yana rantsuwa gwaninsa ne kaɗai mafita, wancan yana cewa in ba nasa ne ya ci ba ƙasa ta gama yawo, amma ka tsayar da ɗayansu ka ce to tsaya, wannan gwanin naka me ya taɓa yi da amanar da aka ba shi a baya, sai ka ji an fara kame-kame.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa, ban taɓa ba yaro shugabancin ɗalibai don ya iya tsara zance ba. Abin da nake dubawa shine yadda ya riƙe monita a ajinsu. In aka ce ya rubuta sunan masu surutu yana tsallake abokansa ko kuwa, in aka ba shi ajiyar alli da dasta ana samunsu da safe ko sun yi ƙafa, ranar da aka karɓe monitan aka ba wani yana ci gaba da gaisawa da shi ko ya ɗauki gaba. Mai neman shugaban ƙasa ma ba daga sama ya faɗo ba, ko ya yi gwamna ko minista ko sanata, ko ya riƙe kamfani ko wata hukuma. Can za a je a duba. Ya biya albashi da fansho a kan lokaci? Aikin da ya ƙaddamar yana nan ko tun ranar yanke ƙyalle aka rufe? Waɗanda suka soki gwamnatinsa sun kwana a gidajensu? Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Sai abu na biyu wanda ni a wurina ya fi komai, shin wannan mutumin in ya faɗi zai sauka? Domin ko kun zaɓi bara-gurbi in dai za ku iya cire shi bayan shekara huɗu ko biyar, da sauran gyara.

Na Gaji:
Wa alaikumus salam Baba. Maganarku tana kan hanya amma ni wallahi na daina wahalar da kaina, sau uku ina bin layi tun asuba rana ta dake ni in dangwala in dawo gida, abin da ya sauya a rayuwata ban gani ba. Waɗanda za su ci sun riga sun san kansu tun kafin a buga takardar ƙuri'ar, mu kawai ana tara mu ne a ɗauki hoto a nuna wa duniya an yi zaɓe.

Malamin Lissafi:
Ɗan'uwa na fahimci gajiyarka amma bari mu ɗan yi lissafi. A zaɓen Najeriya na 25 ga Fabrairun 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27 cikin ɗari kenan. Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 794 da wani abu, Atiku ya samu kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. To ka cire waɗanda suka fito daga cikin masu rajista, za ka ga waɗanda ba su fito ba sun haura miliyan 68, sun kusa ninka ƙuri'un wanda ya ci sau takwas. Ko da an ce a cikin rajistar akwai matattu da waɗanda suka yi ƙaura, abin da ya saura ya ishi ya juya kowane sakamako.

Kuma akwai wuraren da tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A Ghana a 2008 Atta Mills ya kada Akufo-Addo da ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai a zagaye na biyu. A Laberiya a 2023 Boakai ya kada George Weah yana kan kujera da kusan dubu 20. A Amurka a shekarar 2000 ƙuri'a 537 a jihar Filorida ce ta raba gardama tsakanin Bush da Gore.

Na Gaji:
Malam lissafinka daidai ne a takarda. To 12 ga Yunin 1993 fa? Mutane sun fito sun yi layi an ƙirga su, Babangida ya soke zaɓen. Nijar fa, an yi zagaye biyu an rantsar da Bazoum a 2021, ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare shi. Ina ƙuri'ar ta tafi? Ni abin da nake cewa kenan, mai bindiga da mai kuɗi su ne masu zaɓe na gaskiya.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya Na Gaji ba wanda zai musa maka waɗannan, sun faru. Amma akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A Kenya ranar 1 ga Satumban 2017 kotun ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen da aka ce Uhuru Kenyatta ya ci, shugaba mai ci fa. A Malawi a Fabrairun 2020 kotu ta soke zaɓen 2019 saboda an samu takardun sakamako birjik an shafe alƙaluma da farin ruwan goge rubutu an sake rubutawa a kai, aka sake zaɓe a watan Yuni Chakwera ya kada Peter Mutharika. Abin da nake so mu lura shine alƙalan nan ba da jita-jita suka yi aiki ba, takardun rumfunan zaɓe aka ajiye a gabansu, waɗanda wasu mutane irinmu suka tsaya har dare suka karɓa suka adana. Kotu ba ta san "wallahi an yi maguɗi" ba, takarda ta sani. Shi ya sa ƙararrakin zaɓe da yawa suke faɗuwa, mai ƙara zai zo da kuka amma ba shi da ejan a rumfunan da yake ƙorafi a kansu, ba shi da kwafin sakamako mai sa hannu.

Maman Biyu:
'Yar'uwa kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni na taɓa yin ejan sau ɗaya kuma abin da na gani ba zan manta ba. Da rana layi har ya lanƙwasa, ana gama dangwalawa kowa ya kama gabansa, lokacin da aka zo juye akwati bai fi mu goma sha biyu muka rage ba, duhu ya yi babu wuta sai fitilar waya muka haska, malamin zaɓe yana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya yana nuna mana muna ƙirgawa da baki. Da aka gama ya zo cike takardar sakamako sai na ga wata jam'iyya da muka ƙirga mata 47 ya rubuta 74. Na ce malam duba nan, ya duba ya ce gajiya ce, ya gyara a gabanmu ya sa hannu. Allah kaɗai ya san ko gajiyar ce ko wani abu, ni ban zarge shi ba, amma da ba na tsaye a wurin haka za ta tafi.

Abin da ya fi ba ni takaici kuma ƙuri'un da suka lalace. Akwai wata tsohuwa da tun safe take zaune tana jira, da ƙyar take tafiya, na tabbata tata na cikin waɗanda aka ware domin na ga yadda tawada ta cika mata yatsa, ta dangwala ta ninke takardar tun bata bushe ba tawadar ta shafi wani gidan. Ranar mun ware irinsu sun fi ashirin a akwati ɗaya tak.

Malamin Lissafi:
Hajiya a 2023 ɗin da na ambata ƙuri'un da aka ce sun lalace sun haura dubu 900 a faɗin ƙasar. Mutum ya sha rana a banza. Koya wa iyayenmu alamar jam'iyya da yadda ake dangwalawa da ninkewa aiki ne da ba ya buƙatar izinin kowa.

Ɗan Autan Zaure:
Salam iyayena da yayyena, ni wannan ne karon farko da zan yi zaɓe in Allah ya kai mu, kuma gaskiya kaina ya ɗaure. A gida ana ce min in zaɓi namu, mai addininmu ɗan yankinmu, wai ko bai yi komai ba naka naka ne. A makaranta kuma abokai suna cewa duk tsofaffin nan a watsar da su a zaɓi matashi. Baba Hedimasta wanne zan ɗauka?

Tsohon Hedimasta:
Ɗana madalla da wannan tambaya. Ba zan ce maka addini da yanki ba komai ba ne, mutum yana da haƙƙin ya ji tsoron a mayar da shi saniyar ware, kuma ƙasar da ake danne wani ɓangare ba ta zama lafiya. Amma ka ɗauki wannan a matsayin tambayar da za ka yi wa kowane ɗan takara, wato zai yi wa kowa adalci ko kuwa, kada ya zama shine amsar gaba ɗaya. Tambayi kanka sau nawa naka ya hau kuma asibitin da ke kusa da kai ya samu magani saboda hakan. A zaɓen 1993 da ɗan'uwanka ya ambata Abiola ya kada Bashir Tofa a jihar Kano, jihar Tofa ɗin kansa, kuma Abiola da mataimakinsa Kingibe duk Musulmi ne amma Kiristoci da yawa suka zaɓe su. Mutane sun taɓa yin hakan, ba tatsuniya ba ce.

Batun matashi kuma, ƙuruciya ba cancanta ba ce tsufa ma ba cancanta ba ne. Senegal sun zaɓi Diomaye Faye saura kwana ɗaya ya cika shekara 44, kwana goma da fitowarsa daga kurkuku, amma shi ma da aikinsa za a auna shi kamar kowa.

Almajirin Malam:
Allah ya saka wa Baba. In ƙara da ɗan abin da na sani, a Suratul Ƙasas aya ta 26 da 'yar dattijon nan na Madyana take ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata, ƙarfi da amana. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da wannan a kan shugabanci. Mu kuma yawanci ɗaya muke kamawa mu saki ɗaya, sai mu ce wane ba ya sata shikenan mun gama bincike, ba mu tambaya ko zai iya aikin, ko zai iya tsawata wa na ƙasa da shi in suna sata. Ko mu ce wane gwani ne ya san tattalin arziki, mu kau da kai daga inda ya samo dukiyarsa. Mai amana marar ƙarfi za a yi ɓarna da sunansa yana zaune, mai ƙarfi marar amana kuma shi da kansa zai yi ta. Kuma ina roƙon masu hawa mumbari su ji tsoron Allah, su koya wa mutane ma'auni su bar musu zaɓi.

Mazaunin Waje:
Ni ƙorafina a kanmu ne masu zaɓe, ba ma sauraron abin da 'yan takara suke faɗa da bakinsu. Misali kafin zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, kowannensu ya fito fili ya ce zai cire tallafin man fetur, ba a ɓoye suka faɗa ba. Ranar 29 ga Mayu a wurin rantsuwa aka ce tallafi ya tafi sai mutane suka yi ta salati kamar ba a taɓa faɗa ba. Lokacin kamfen ne ya kamata a tsare kowannensu a ce to in ka cire a rana ɗaya za ka cire ko a hankali, kuɗin da za a samu ina za su, mai ƙaramin ƙarfi me ka tanadar masa kafin abin ya iso kansa. Ba mu tambaya ba, muna can muna rawa a filin taro.

Duk alƙawarin da aka yi maka ka bi shi da tambaya, da wane kuɗi, haraji za a ƙara ko bashi za a ciwo ko wani aikin za a dakatar, kuma cikin wata nawa. Wanda ya ce zai samar da aiki ga miliyoyi bai faɗi ta ina ba romon baka ne kawai. Sannan wanda yake gudun muhawara da 'yan jarida tun yana neman ƙuri'arka, ranar da ya samu kujerar ina za ka gan shi? A 2019 Buhari bai je muhawarar 'yan takara ba, Atiku ya je wurin ya ga babu shi ya juya, kuma su biyun ne suka kwashe kusan duka ƙuri'un, kenan mun nuna musu ba mu damu ba.

Maman Biyu:
Akwai maganar da kowa yake zagayewa, kuɗin da ake rabawa ranar zaɓe. Ni dai ra'ayina mace tana fama da yara ba ta da na cefane a zo a miƙa mata abu, ba zan iya ce mata kar ta karɓa ba, dama dukiyarta ce aka sata aka dawo mata da ɗan guntu. Ta karɓa ta shiga ta zaɓi wanda zuciyarta ta kwanta da shi.

Almajirin Malam:
Hajiya ki yi haƙuri a nan ban bi ki ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yawancin mutanenmu masu kunya ne da cika alƙawari, in sun karɓa sai sun yi, wasu ma har rantsar da su ake yi. Kuma in ta karɓa da niyyar ba za ta yi ba ta shiga yaudara, in ta yi kuma ta sayar da shaida, domin ƙuri'a shaida ce kake bayarwa cewa wannan ya fi cancanta.

Ɗalibar Shari'a:
Kuma Anti masu sayen sun waye, sun daina biya kafin a dangwala. Wani zai tsaya inda yake hango takardarka ko a ce ka ɗaga ta kaɗan kafin ka jefa, ko ka ɗauko hotonta a waya, sai an gani ake biya. Shi ya sa sirrin wurin dangwalawa ba ƙaramin abu ba ne, in kun iso da safe kuka ga an ajiye shi inda ake leƙe ku haɗu ku nemi a gyara tun kafin a fara. Ta fuskar doka kuma mai saye da mai sayarwa duk masu laifi ne.

Maman Biyu:
Na ji ku kuma ban ce abu ne mai kyau ba. Amma ku ma ku yarda wa'azi ba ya shiga kunnen mai jin yunwa, in ana so a daina saye sai an kama masu rabawa, su ne masu jakar kuɗin, ba a taɓa rasa sanin su waye ba a kowace rumfa. A fara da su kafin a zo kan talakar da aka miƙa wa.

Tsohon Hedimasta:
Hajiya tana da gaskiya a kan wanda ya fi laifi, Malam kuma yana da gaskiya a kan hukuncin abin. Abin da zan ƙara, mai rabon kuɗi ya riga ya gaya maka ko shi waye, jari yake zubawa kuma ɗan kasuwa ba ya zuba jari sai ya san inda zai fanshe. Wannan ma yana cikin ma'aunin.

Sai wani abu da muke mantawa, mataimaki. Muna kallonsa kamar ado a fosta. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010 Jonathan ya hau. Atta Mills ya rasu a 2012 Mahama ya hau. A shekarar ce Bingu wa Mutharika ya rasu a Malawi Joyce Banda ta hau. Magufuli na Tanzaniya ya rasu a 2021 Samia Suluhu ta hau. Rai a hannun Allah yake, duk wanda ka dangwala wa mutum biyu ka zaɓa, don haka tambayar lafiyar ɗan takara da ingancin mataimakinsa ba rashin ladabi ba ne.

Mazaunin Waje:
Har da waɗanda suke kewaye da shi Baba. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, ni kuma ina ganin sarkin ne yake zaɓen fadawansa. Ka duba su waye suka ɗauki nauyin kamfen ɗinsa, su waye a layin gaba a kan dandamali, yawanci su ne ministocin gobe.

Na Gaji:
To duk na ji. Amma ku gaya min, in ka auna su duka ka ga babu na ɗauka fa? Daliget 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai ne suke shiga ɗaki a zaɓen fidda gwani a saye su, su fito mana da mutum biyu ko uku a ce mu zaɓa. An riga an gama zaɓen kafin a zo kanmu.

Malamin Lissafi:
Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da ka yi yau kuma ba ni da amsar da za ta share ta. Gaskiya ne rabin zaɓen a cikin jam'iyya ake yinsa, mu kuma masu ganin mun yi boko muna ƙyamar katin jam'iyya, mun bar taron mazaɓa ga 'yan jagaliya, su suke fitar da shugabannin mazaɓa su kuma su zama daliget. Wanda yake so ya gyara daga tushe can zai shiga, kuma aikin shekaru ne.

Amma ko a cikin marasa kyau akwai mai dama-dama, da babu gara ba daɗi. Sannan ka san dokar ƙasarka kafin ka yanke shawara. Inda ake zagaye biyu kamar Faransa da Senegal da Ghana kana iya ba wanda kake so a zagayen farko ko da ƙarami ne, ka ajiye lissafi sai zagaye na biyu. A Najeriya kuwa wanda ya fi yawan ƙuri'a kuma ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi ya wuce, ko bai kai rabi ba, shi ya sa aka ci 2023 da ƙasa da kashi 37. A irin wannan tsarin rarrabuwar 'yan adawa tana da tsada, a 2015 sai da jam'iyyu suka dunƙule suka kafa APC tun 2013 kafin a iya kada mai ci.

Ɗalibar Shari'a:
Kuma kar a manta da 'yan majalisa. Wannan zaɓen sak da ake kira, a ce daga sama har ƙasa jam'iyya ɗaya ba tare da duba mutum ba, shi yake cika majalisa da waɗanda guguwa ta kwaso. Su ne masu amincewa da kasafi da bashi da ministoci. A watan Mayun 2006 majalisar dattawa ce ta kashe gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar wa'adi na uku. Da 'yan amin ne a wurin da labarin ya sha bamban.

Tsohon Hedimasta:
'Yata kin dawo da ni kan batuna na farko, in ya faɗi ko wa'adinsa ya ƙare zai sauka? Tandja ya yi ayyukan da mutane da yawa suke yabawa har yau, amma da ya zo da tazarce a 2009 ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, a Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi. Jammeh ya yi shekara 22, ya faɗi a Disambar 2016 ya amince a talabijin, bayan mako guda ya ce ya fasa, sai da ECOWAS ta jibge sojoji a kan iyaka sannan ya bar Gambiya. Macky Sall na Senegal wanda shi kansa ya hau a 2012 ne a kan adawa da wa'adi na uku na Abdoulaye Wade, ya zo ya ɗage zaɓen 2024, majalisar tsarin mulki ta ce bai isa ba, mutane suka tsaya aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris. A ɗaya gefen Jonathan ya ɗaga waya ya kira Buhari a 2015 tun ba a gama sanar da sakamako ba, Weah ma ya amince da tazarar dubu 20 ɗin nan da Malam ya faɗa.

Ana gane wannan halin tun kafin mutum ya hau. Ya taɓa faɗuwa zaɓe, me ya yi, kotu ya tafi ko titi ya tura yaran mutane? Hichilema na Zambiya sau biyar yana faɗuwa har kurkuku ya shiga, a karo na shida a 2021 ya ci. Lokacin da ɗan takararka yake gwamna ya bar zaɓen ƙananan hukumomi ya gudana ko jam'iyyarsa ce take cinye duka kujeru? Ya bi umarnin kotu in bai masa daɗi ba? Wanda bai jure adawa a ƙaramar kujera ba kar ka sa ran zai jure a babba.

Kuma ɗana Na Gaji, ka ce ba ka ga abin da ya sauya ba. Ghana sun cire Mahama a 2016, suka ga abin da suka gani suka dawo da shi a 2024. Malawi da suka sha wahala suka kawo Chakwera a 2020 su ne suka sauke shi a 2025 da hannunsu. Ba wai sun samu mala'ika ba ne, amma duk wanda ya hau a can yanzu ya san ana iya sallamarsa, kuma shugaban da ya san haka ba ya kwana kamar wanda ya san ba za ku fito ba.

Admin:
Jama'a muhawara tana kyau, tunatarwa ɗaya zan yi tunda lokacin ya matso. Duk wanda zai turo bidiyo ko murya ko sakamako a nan ya tabbatar da inda ya samo, yanzu ana haɗa muryar mutum da kwamfuta ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ana ɗauko hoton rikicin wata ƙasa a ce jiya ne. Bayan zaɓen 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a arewacin Najeriya, a Kenya bayan zaɓen 2007 sama da dubu, kuma ba 'ya'yan 'yan takara ne suka mutu ba. Wanda ya turo abin tunzura jama'a zan goge, in ya maimaita in cire shi.

Ɗan Autan Zaure:
Na gode ƙwarai iyayena. Abin da zan yi yanzu zan ɗauki takarda in rubuta sunan kowanne da mataimakinsa da kujerar da ya taɓa riƙewa, in je in nemi abin da ya yi a can. Anti Maman Biyu in mutum ba ejan ba ne ana barinsa ya tsaya wurin ƙirga?

Maman Biyu:
Mu dai a rumfarmu an bar kowa ya tsaya ɗan nesa kaɗan yana kallo, ba hayaniya ba taɓa kayan zaɓe, da aka gama aka karanta sakamako da ƙarfi aka manna kwafi a bango kowa ya ɗauki hoto. Ka cika wayarka da caji ka tafi da ƙaramar fitila, kuma ka gaya wa mutanen gida za ka yi dare.

Na Gaji:
Baba ban ce kun gama gamsar da ni ba, maganar daliget har yanzu tana nan a wuyana. Amma gaskiya sau ukun da na yi zaɓe ban taɓa tsayawa ƙirga ba ko sau ɗaya, ina dangwalawa nake tafiya. Wannan karon zan tsaya in gani da idona. Sai dai na sauya unguwa tun bara, rumfata ta yi min nisa sosai, Ɗalibar Shari'a ana iya mayar da rajista kusa ko sai na koma can?

Ɗalibar Shari'a:
Ana iya mayarwa Yaya amma ba a yi a ƙurarren lokaci, ana rufe rajista da sauyin rumfa tun da sauran watanni kafin zaɓe. Ka je ofishin hukumar zaɓe mafi kusa da kai da katinka ka tambayi ranar rufewa, in an kafe sunaye kuma ka koma ka duba naka ya fito a sabuwar rumfar.